Yadda za ka ba mai kanti manhajarka ta Python ba tare da ya girka Python ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta ƙaramar manhaja da Python da Tkinter (laburaren zana tagogi da maɓallai), tana riƙe lissafin kayan wani kantin magani, tana kuma fitar da rasit. A kwamfutata tana aiki lafiya lau. Mai kantin bai san komai a kan Python ba, so yake kawai ya danna abu ya buɗe. An ce min PyInstaller zai mai da ita exe. Shin hakan ya wadatar? Zai ɓoye kod ɗina? Wani abokina kuma ya ce gara in sake rubuta ta da Electron.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa aikin albarka. PyInstaller zai biya maka bukata, kuma babu dalilin da zai sa ka rushe abin da yake aiki ka koma Electron. Sai dai yawancin wahalar da mutane suke sha da shi ta samo asali ne daga rashin sanin ainihin abin da yake yi, don haka daga nan zan fara.

PyInstaller ba ya sauya manhajarka ta zama wani abu dabam. Harsuna irin su C ko Go, idan an harhaɗa kod ɗinsu, abin da yake fitowa umarni ne da na'ura take ganewa kai tsaye. Python ba haka yake ba. Kod ɗinka yana bukatar tafinta a gefensa kullum, wato shi kansa shirin Python, wanda yake karanta shi yana aiwatarwa. To aikin PyInstaller shi ne ya bi kod ɗinka yana neman duk inda ka rubuta import, ya tattaro laburarorin da ka kira da waɗanda su ma suka kira, ya ɗauko kwafin tafintan da ke kan kwamfutarka da fayilolin DLL da yake dogaro da su, sannan ya haɗa da wani ɗan ƙaramin shiri da aka rubuta da C, wanda aikinsa kawai tayar da sauran. Wannan ɗan shirin shi ne exe ɗin da mai kanti zai danna. Ke nan Python zai shiga kwamfutar mai kanti, ko ya sani ko bai sani ba, sai dai nasa ne na manhajarka kaɗai, ba ya taɓa komai a waje.

Da zarar ka riƙe wannan, abubuwa da yawa za su warware da kansu. Tunda tafintan kwamfutarka ake kwafewa, a kan Windows za ka gina na Windows, a kan Mac na Mac, a kan Linux na Linux. PyInstaller ba ya gina wa wani tsarin daga wani. Haka nan idan Python ɗinka na 64-bit ne, exe ɗin ba zai tashi a kan Windows na 32-bit ba, alhali na 32-bit yana tashi a kan duka biyun. Kuma idan kwamfutar kantin tsohuwar tokumbo ce mai Windows 7, ka sani Python 3.8 ne na ƙarshe da yake aiki a kanta. Duk abin da ka gina da 3.9 zuwa sama zai ƙi buɗewa, ya jefo saƙon cewa babu api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll. Mutane kan shiga intanet su sauko da wannan fayil daga shafukan da ba su san asalinsu ba su cusa a kwamfuta. Kada ka yi haka. Ko dai ka gina da 3.8 da tsoffin laburarorin da suka dace da shi, ko kuma, wanda ya fi, ka lallaɓi mai kantin a sabunta Windows ɗin, domin Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, shi ma Python 3.8 an daina yi masa gyara a 2024. Saboda haka kafin ka buga umarni ko ɗaya, ka taka zuwa kantin ka duba wane Windows ne, 32 ne ko 64, kuma wace irin firinta ce take buga rasit. Direban firinta ba ya shiga cikin exe, a can kan kwamfutar za a girka shi.

Sai batun nauyi. Ko shirin layi ɗaya ka haɗa zai ci megabait da dama, saboda tafintan yana ciki. Wannan ba damuwa ba ce. Inda damuwa take shi ne mutum ya gina daga Python ɗin da ya shekara yana zuba wa laburarori, ko daga Anaconda, sai abin ya kumbura ya kai ɗaruruwan megabait saboda an kwaso tarkacen da manhajar ba ta bukata. Ka buɗe sabon venv, wato keɓaɓɓen muhallin Python na wannan aikin kaɗai, ka girka abin da manhajar take amfani da shi kaɗai, ka girka PyInstaller a cikinsa, ka gina daga nan. Idan kuma pandas ka ɗauko don kawai ka fitar da fayil ɗin Excel guda, ka ajiye shi ka ɗauki openpyxl. Pandas yana jan numpy, su biyun suna iya kai kayanka sama da megabait 100, ga shi kuma kai za ka riƙa tura wa mai kanti sabuntawa da datarka, shi ma ya sauke da tasa.

Yanzu mu zo inda na fi so ka natsu. PyInstaller yana da hanya biyu ta fitar da kaya. Ta asali ita ce folda guda: exe ɗin yana ciki, sauran kayan kuma, tun daga siga ta 6 da ta fito a 2023, suna cikin wata ƙaramar folda mai suna _internal a gefensa. Ta biyu ita ce --onefile, wadda take dunƙule komai cikin fayil ɗaya. Kusan kowa ita yake zaɓa saboda ta fi kyan gani, ni kuwa ba na ba da shawarar ta ga manhajar da za a riƙa buɗewa kullum a wurin aiki. Dalili shi ne duk lokacin da aka danna wannan fayil, sai ya kwance kayansa gaba ɗaya a foldar wucin gadi ta Windows, cikin wata folda da sunanta yake farawa da _MEI, ya yi aiki daga can, idan aka rufe ya share ta. Kamar ɗan tireda ne marar shago, kullum safiya sai ya kwance kaya ya jera, da yamma ya sake ɗaurewa. A sabuwar kwamfuta ba za ka ji komai ba, amma a tsohuwa, ga manhajar kariya tana bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana bincike, sai yaron kanti ya danna, shiru, ya sake dannawa, ya sake, can sai tagogi uku su buɗe lokaci guda, ga kwastoma tsaye yana jira. Idan kuma aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu bagatatan, ba a samu damar sharewa ba, foldar tana nan, gobe a buɗe wata. A wurin da wuta take wasa, a hankali za su taru su ci wuri.

Babban haɗarin ma bai kai wannan sauƙi ba. Ɗauka ka rubuta cewa rumbun bayananka na SQLite, ka ce kanti.db, ya zauna kusa da kod ɗin, ta hanyar __file__. A kwamfutarka daidai ne. A cikin onefile kuwa, "kusa da kod" yana nufin cikin waccan folda ta _MEI. Mai kanti zai wuni yana shigar da kaya, Panadol katan kaza, maganin zazzaɓin cizon sauro kaza, wane ya karɓi bashi, komai yana tafiya daidai, rasit yana fita. Da dare ya rufe. Da safe ya buɗe ya tarar da manhaja wayam kamar yau aka girka ta. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin a wurin kwamfutar babu kuskuren da aka yi: an ce ta share foldar, ta share. Ko da folda guda ka yi amfani, idan an girka ta a Program Files, Windows ba ya barin mai amfani na yau da kullum ya yi rubutu a can, sai SQLite ya ce ya kasa buɗe rumbun. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka raba kayan da manhaja ta zo da su, irin su hotuna da haruffa, da bayanan da mai kanti yake shigarwa. Na farko ana karanta su ne kawai daga inda aka haɗa su. Na biyu su zauna a foldar da Windows ya tanadar don haka.

import os, sys
from pathlib import Path
TUSHE = Path(getattr(sys, "_MEIPASS", Path(__file__).parent))
AJIYA = Path(os.environ["LOCALAPPDATA"]) / "KantinMagani"
AJIYA.mkdir(exist_ok=True)

Duk abin karantawa ka neme shi ta TUSHE, duk abin rubutawa ya tafi AJIYA. Ka lura dai LOCALAPPDATA na kowane asusun Windows daban ne, to idan mai kanti da yaronsa kowa da asusunsa, kowa zai ga nasa rumbun, sai ka koma PROGRAMDATA ka daidaita izinin rubutu lokacin girkawa. Sannan ka sa maɓallin ajiye kwafi zuwa filashi, ka yi amfani da backup da ke cikin sqlite3 maimakon kwafe fayil ɗin da hannu yana buɗe. Mai kanti zai yafe maka taga marar kyau, ba zai yafe maka ɓatan littafin bashi ba.

PyInstaller kod yake bi, ba ya sanin cewa kana bukatar tambarin kanti ko fayil ɗin haruffa sai ka faɗa masa. Umarnin zai yi kama da haka:

pyinstaller --windowed --name Kanti --icon kanti.ico --add-data "kaya;kaya" kanti.py

Zai fitar da folda biyu, build da dist, da fayil mai suna Kanti.spec. Abin da ke cikin dist shi ne na rabawa. Shi kuma spec ɗin ka adana shi tare da kod ɗinka, nan gaba shi za ka riƙa ba PyInstaller maimakon dogon umarni. Wani lokaci laburare yakan kira wani ta hanyar da binciken ba ya gani, sai exe ya faɗi da ModuleNotFoundError alhali a kwamfutarka lafiya. Ka ƙara --hidden-import da sunan abin da ya ce babu, shi ke nan.

Tunda na ambaci haruffa, akwai abin da ya shafe mu musamman. Idan sunayen kwastomomi ko na kaya suna da ƙ, ɗ, ɓ, ko kana buga alamar ₦ a rasit, ka yi hattara a wuri biyu. Na farko, a kan Windows, idan ka kira open() ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python yakan ɗauki na kwamfutar, wanda galibi cp1252 ne, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikinsa. Ranar da aka shigar da sunan Ɗanladi ko Bilƙisu, ranar manhajar za ta tsaya. Kullum ka rubuta encoding="utf-8", idan kuma CSV ne da za a buɗe da Excel, ka sa "utf-8-sig" don Excel ya gane. Na biyu, idan da ReportLab kake yin rasit na PDF, Helvetica da yake zuwa da shi ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, baƙin akwati zai buga a gurbinsu. Ka ɗauko DejaVu Sans ko Noto Sans, ka sa fayil ɗin a foldar kaya, ka yi masa rajista ta TUSHE. Kada ka dogara da cewa kwamfutar kantin tana da irin haruffan da ke kan taka.

Shi kuma --windowed yana ɓoye baƙar tagar nan da take buɗewa a bayan manhaja, kuma haka ya kamata ga mai kanti. Amma da ita ake ɓoye saƙonnin kuskure. A Tkinter, idan kuskure ya faru cikin aikin wani maɓalli, ana rubuta shi ne a waccan tagar, idan babu ita sai ya ɓace. Mai kanti zai kira ka ya ce, "Malam, na danna Ajiye, bai yi komai ba," kai kuma ba ka da abin kamawa. Ka fara ginawa da baƙar tagar har sai komai ya daidaita. Sannan ka sa logging ya riƙa rubutawa a wani fayil cikin AJIYA, ka kuma maye gurbin report_callback_exception na babbar tagarka da aikin da zai rubuta kuskuren a can ya nuna wa mai amfani ɗan saƙo. Idan an samu matsala sai ka ce a turo maka fayil ɗin ta WhatsApp, ka huta da hawa Keke zuwa kanti.

Akwai kuma rigimar manhajojin kariya daga bairos. Kada ka yi mamaki idan Windows Defender ko wata ta kama exe ɗinka ta ce mugun abu ne. Masu rubuta miyagun manhajoji su ma suna amfani da PyInstaller, kuma ɗan shirin tayarwar nan iri ɗaya ne a wurin kowa, ga kuma ɗabi'ar onefile ta kwance kaya a ɓoye ya kunna su, wadda ta yi kama da ta ɓarawo. Folda guda tana rage wannan zargi. Daina matse fayiloli da UPX ma yana ragewa, sai ka ƙara --noupx. Idan duk da haka an kama, Microsoft tana da shafin da masu manhaja suke tura fayil don a sake dubawa, kuma VirusTotal zai nuna maka waɗanne ne suke ƙorafi kafin ka kai wa kowa. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka ce wa mai kanti ya kashe kariyarsa gaba ɗaya. Kwamfutar da ake cusa wa filashi iri-iri ce. In ya zama dole, a keɓe foldar manhajarka kaɗai.

Shuɗin allon SmartScreen da yake cewa ba a san mai manhajar ba wani abu ne dabam. Yana fitowa ne a kan fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, domin Windows yana maƙala masa wata alama a ɓoye. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya riƙe wannan alama, shi ya sa wanda ka kai da hannu yakan wuce salin alin. Abin da yake taimakawa a kansa shi ne sa hannun dijital, wato ka sayi takardar shaida daga kamfanonin da suke bayarwa, da dala, duk shekara, kuma tun Yunin 2023 dole mabuɗin ya zauna a na'ura ta musamman ko sabis mai irin wannan tsaro. Don kanti ɗaya ko biyar, wannan asarar kuɗi ce. Ranar da ka fara sayarwa ga mutanen da ba su san fuskarka ba, ranar za ka yi lissafinsa. Gmail kuwa ba ya karɓar exe ko ka saka shi a zip, kada ka ɓata lokaci.

Tambayarka ta ɓoye kod: a'a, ba ya ɓoyewa. Abin da ke ciki fayilolin pyc ne, wato kod ɗinka a sigar da tafintan yake karantawa, kuma akwai ɗan shiri mai suna pyinstxtractor da yake zazzage su cikin ɗan lokaci, daga nan a mai da su kusa da yadda ka rubuta. PyInstaller ya taɓa samun zaɓin --key na kulle su, amma an cire shi a siga ta 6, tunda mabuɗin dole ya kasance cikin exe ɗin, duk mai nema zai samu. Idan abin ya dame ka, ka gwada Nuitka, wanda yake juya kod ɗin Python zuwa C ya harhaɗa shi. Warware shi ya fi wuya nesa ba kusa ba, amma ginin yana ɗaukar lokaci, yana bukatar mai harhaɗa C, kuma rubutun da ka sa a kod, kamar kalmar sirri, yana nan ana iya tono shi. Don haka ko da wanne ka gina, kada kalmar sirrin imel ɗinka ko mabuɗin wani sabis na biyan kuɗi ya shiga ciki. A ganina ma, mai kantin magani ba kod ɗinka yake nema ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a kwafe foldar a kai reshe na biyu ba a faɗa maka ba, wannan kuwa yarjejeniya a rubuce da kuɗin kulawa na wata-wata sun fi kowace dabara maganinsa.

Shi Electron da abokinka ya ambata, dabarar ɗaya ce, kayan ne suka fi nauyi. Maimakon tafintan Python, yana ɗauke da burauzar Chromium sukutum da Node.js. GitHub ne ya ƙirƙiro shi don editansa na Atom, kuma da shi aka gina VS Code da Slack da Discord, don haka ba abin rainawa ba ne. Amma ko manhajar wofi ce tana haura megabait 100 bayan girkawa, tana cin ram, siga ta 22 ce ta ƙarshe da take aiki a Windows 7, kuma kod ɗin yana cikin fayil ɗin asar wanda buɗe shi ya fi na PyInstaller sauƙi. Wanda ya riga ya ƙware a JavaScript yana da hujjar zaɓarsa, ko ya duba Tauri da yake aron burauzar da ke cikin tsarin maimakon ɗauko tasa. Kai da manhajarka ta riga ta tsaya da ƙafarta, babu abin da zai ƙara maka. Idan wata rana Tkinter ya yi maka kaɗan ka koma Qt, ka duba lasisi: PyQt na GPL ne, mai tilasta sakin kod, ko na saye, PySide kuma LGPL, wanda ya fi sauƙi ga mai sayar da manhaja ba tare da sakin kod ba.

To idan an bar onefile, yaya za a ba mai kanti abu ɗaya da zai danna? Da Inno Setup. Ka rubuta ɗan gajeren fayil na iss, ka nuna masa foldar dist, zai fitar maka da setup.exe guda wanda yake girka manhajar, ya sa alamarta a fuskar kwamfuta, ya kuma shigar da ita jerin abubuwan da ake iya cirewa. Kwance kayan sau ɗaya ake yi, ranar girkawa. Ka riƙe AppId ɗaya kada ka canja shi, ta haka sabuwar siga za ta hau kan tsohuwa, bayanan kanti kuma suna can a AJIYA babu mai taɓa su.

Kafin ka kai, ka gwada a kwamfutar da ba ta taɓa ganin Python ba. Gwaji a taka ba ya nuna komai, domin duk abin da ka manta ba ka haɗa ba yana iya kasancewa a kanta. Windows Sandbox yana nan a Windows 10 da 11 na Pro, ko ka girka Windows sabo a VirtualBox, ko ka ari ta wani. Ka shiga da asusun da ba na admin ba, ka cire intanet, ka shigar da suna mai ƙ, ka buga rasit, ka rufe, ka sake buɗewa ka ga ko bayanan suna nan.

Python ɗin da ka dunƙule a ciki ba zai taɓa sabunta kansa ba, haka laburarorin. Idan aka gano ɓaraka a ɗaya daga cikinsu, kai ne za ka sake ginawa ka tura. Don haka ranar da ka fitar da siga ta farko, ka buga pip freeze ka adana sakamakon a requirements.txt, ka rubuta sigar Python da ta PyInstaller da ka yi amfani da su, ka ajiye tare da spec da iss a Git. Ka kuma sa lambar siga ta riƙa bayyana a saman tagar manhajar, don idan mai kanti ya kira bayan wata takwas, tambayar farko da za ka yi masa ita ce wace lamba yake gani a can.